Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Ƙananan Halittu Masu Cin Man Fetur, Daga Ƙasan Teku Zuwa Bompai da Sharaɗa da Challawa

1. Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Galibi akan kawo wannan karin magana ne idan ana so a nuna cewa kowane al'amari da dalilinsa, amma in aka ɗauke ta a kan lafazinta, sai a tarar ta faɗi wata gaskiya wadda masana kimiyya suka shafe fiye da shekara 300 suna tono. Abin da ke sa ruwa ya yi tsami, da madara ta yi barci, da mushe ya ruɓe, duk aikin waɗansu halittu ne masu rai waɗanda ido ba ya iya gani. A cikinsu akwai waɗanda abincinsu shi ne ɗanyen man fetur da iskar gas, kuma mafi ban mamaki daga cikin waɗannan suna zaune ne a cikin lakar ƙasan teku, inda babu hasken rana, babu kuma iskar shaƙa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin yadda aka gano waɗannan halittu, sa'an nan ta auna abin da aka gano da tarihin unguwannin masana'antu uku na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa. Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa Kano da teku, alhali kuwa tsakaninta da gaɓar Ikko akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a jirgin ƙasa? Amsar ita ce laka. Lakar da ke kwance a gindin kogin Jakara da kogin Challawa tana da hali irin na lakar teku ta wata fuska, kuma dangin halittun da ke aiki a can su ne ke aiki a nan. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, waɗannan ma'aikata suna da ƙa'ida da ma'auni, waɗanda marina da majeman Kano suka kiyaye ba tare da sun taɓa ganinsu ba, har zuwa lokacin da masana'antun zamani suka ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu.

2. Sanin Bahaushe Tun Kafin Madubi

Sunan da ya fi yawo a bakin jama'a game da waɗannan halittu shi ne ƙwayoyin cuta. Ta ƙofar asibiti da malaman tsabta labarinsu ya shigo harshenmu, saboda haka da cuta aka raɗa musu suna. Amma sunan ya tauye su ƙwarai, domin masu sa cuta 'yan kaɗan ne a cikinsu. Mafi yawansu aikinsu shi ne warware abin da ya mutu, su mai da shi ƙasa da ruwa da iska. Don haka a wannan maƙala za mu kira su ƙananan halittu. Ƙanƙantarsu ta kai in an jera guda 1,000 daga cikin matsakaitansu, da ƙyar su cika tsawon milimita 1. Rukuni biyu ne suka shafe mu a nan: bakteriya, da kuma arkiya, waɗanda sai a 1977 Carl Woese na Jami'ar Illinois ta Amurka ya nuna cewa zuriyarsu dabam take da ta bakteriya, ko da yake sun yi kama a madubi.

Bahaushe ya daɗe da sanin aikinsu, har ya ba matakansa sunaye irin su jiƙo da tsimi da tsami da ruɓa. Mai daddawa da ta dafa kalwa ta lulluɓe ta kwanaki, bakteriya ta ba aiki. Amma babu inda wannan sani ya kai ƙarfinsa a marina. Ana danganta kafuwar karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498, watau ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, kuma lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da rinannen tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marini yakan cika rijiyarsa da ruwa, ya zuba toka da katsi da baba, ya bar su kwanaki suna tsimuwa, yana motsawa da muciya yana duban kumfa da ƙanshi, har ya gamsu ruwan ya nuna. Abin da ke faruwa a ƙasa shi ne, shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zare ba, sai bakteriyar da ke rayuwa a ruwan toka, can inda iska ba ta kaiwa, ta juya shi zuwa wani kamanni mai narkewa. Shi ya sa in an tsamo zane yakan fito kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi. In kuwa ruwan ya mutu, a kwashe dagwalo, a dunƙule abin da ya kwanta, a shanya, a ƙone, ya zama katsin haɗin gaba, ko kuwa a yi laso da shi.

Haka majemi. Yakan jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, ya tsoma ta a ruwan kashin kaji ko na tantabara don ta yi laushi, sa'an nan ya jeme ta da bagaruwa. Duk abin da ya zubar daga tsiro ne ko dabba ya fito, saboda haka ƙasa takan cinye shi. Lalle akwai wari, akwai kuma ƙazanta, amma yawan sharar bai wuce abin da ƙananan halittu za su iya lashewa ba.

3. Yadda Masana Suka Gano Masu Cin Mai

A shekarar 1676 wani ɗan kasuwar tufafi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ba da labarin ƙananan halittun da ya gani a ɗigon ruwa da madubin da ya wasa da hannunsa. Bayan shekara 100 cif, a 1776, Alessandro Volta na Italiya ya dama lakar bakin tafkin Maggiore da sanda, ya tara kumfar da ke tasowa, ya ga tana kamawa da wuta. Wannan iska ita ce metan, wadda ita ce mafi rinjaye a cikin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, kuma ita ce duk yaron da ya taɓa wasa a kududdufin Kano ya ga tana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙafarsa. A 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa tsamin nono aikin mai rai ne.

Garin Delft ya sake shiga tarihin nan a 1895, sa'ad da Martinus Beijerinck ya ware wata bakteriya daga lakar magudanun garin. Wannan bakteriya ba ta bukatar iskar oksijin. A maimakonta tana numfashi da wani gishiri na farar wuta da ake kira salfet, tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In wannan iska ta haɗu da sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙasa sai laka ta yi baƙi ƙirin. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan bakteriya a ransa, domin za mu sake gamuwa da ita a ƙasan teku, mu kuma sake gamuwa da ita a Kano. Almajirin Beijerinck, Nicolaas Söhngen, shi ne a 1906 ya ware bakteriya mai cin metan, a 1913 kuma ya nuna akwai masu rayuwa da fetur da kananzir da kakin mai. A 1946 Claude ZoBell, wanda ke bincike a gaɓar Kalifoniya, ya tattara abin da aka sani, ya nuna cewa masu cin mai sun bazu a ƙasa da ruwa, kuma sun fi yawa a inda mai ya daɗe yana zuba.

Ba abin mamaki ba ne mai ya zama abinci. Asalinsa gawarwakin ƙananan tsirrai da dabbobin ruwa ne da laka ta binne miliyoyin shekaru, zafin ƙasa ya dafa su. Sai dai abinci ne mai wuyar tauna, domin ƙwayoyin kabon da haidurojin da suka haɗa shi sun ƙullu tamau. Duk masu cin man da aka sani a wancan zamani da oksijin suke fasa wannan ƙulli, kamar yadda mai faskare ke fara tsaga itace da gatari. Saboda haka har zuwa shekarun 1980 ra'ayin da ya rinjaya a wurin masana shi ne, inda babu oksijin mai ba ya ciwuwa.

4. Abin da Aka Tarar a Ƙasan Teku

Masu auna sinadaran laka ne suka fara jefa shakka a kan wannan ra'ayi. A tsakiyar shekarun 1970 suka lura cewa metan da ke tasowa daga zurfin lakar teku takan ɓace a daidai wani tsiri, kuma a wannan tsirin ne salfet ɗin da ke gangarowa daga ruwan teku shi ma yake ƙarewa. Wani abu yana cinye su tare, a wurin da babu ko ɗigon oksijin. Amma an yi fiye da shekara 20 ba a kama mai cin ba.

A wannan tsakanin ƙananan jiragen nutso suka fara kai mutum ƙasan teku. A farkon shekarun 1980 aka gano cewa a kwarin Gwaimas, cikin tekun Kalifoniya ta ɓangaren Meziko, a zurfin kimanin mita 2,000, zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa yana dafa laka ta zama mai a cikin 'yan dubban shekaru kawai. A 1984 aka ba da labarin waɗansu maɓuɓɓugai masu sanyi a ƙasan tekun Meziko, inda gas ke tsattsafowa, ga kuma tsutsotsi da dabbobi masu ɓawo sun yi cincirindo a kansu cikin duhu. A 1994 masana a Jamus suka ba da bayanin wata bakteriya mai numfashi da salfet da suka ware daga lakar Gwaimas, wadda ke cin ɗanyen mai ba tare da oksijin ba. Daga nan tsohon ra'ayi ya rushe.

Maganar metan kuwa sai a shekarar 2000 ta fito fili. Antje Boetius da abokan aikinta na cibiyar Max Planck da ke Bremen suka binciki lakar da aka ɗebo daga zurfin kimanin mita 800 daura da gaɓar jihar Oregon ta Amurka, suka ga waɗansu 'yan dunƙule: arkiya a tsakiya, bakteriya masu numfashi da salfet sun kewaye su kamar ɓawo. Arkiya ke fasa metan, su miƙa wa maƙwabtansu abin da ya fito, su kuma maƙwabtan su sauke shi a kan salfet. In ɗaya ya tsaya, ɗayan ma ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ke fitowa daga wannan haɗin gwiwa iri biyu ne: wani sinadari da ke daskarewa ya zama farin dutse a ƙasan teku, da kuma iskar nan mai warin ƙwai, wadda waɗansu bakteriya ke ci, su kuma su ciyar da tsutsotsin da muka ambata. Masana sun ƙiyasta cewa wannan tsiri na laka yana tare mafi yawan metan da ke tasowa daga ƙarƙashin teku, a waɗansu ƙididdigogi har kusan kashi 90 cikin 100. Da babu shi, da wannan iska, wadda ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba, ta ƙara ɗumama duniya. Daga baya, a 2016 da 2019, an gano waɗansu arkiya masu cin sauran dangin gas, irin wanda ake ɗurawa a tukunyar girki.

Sai dai akwai wani abu guda da bai kamata a manta ba, watau jinkiri. Bakteriyar cikin hanjin mutum tana iya rabuwa biyu a cikin minti 20 in ta sami abinci, amma waɗannan arkiya sukan yi watanni kafin yawansu ya ninka sau ɗaya. Suna cin nasara ne domin gas ɗin a hankali yake zuwa musu, daidai ƙarfin cikinsu. Inda ya ɓulɓulo da ƙarfi, wucewa yake yi ta kansu.

5. Gwaji a Fili

Tun da aka san akwai masu cin mai, sai mutane suka fara sa ran za su zama tsintsiyar share duk wata ɓarna. Ananda Chakrabarty, masani ɗan asalin Indiya da ke aiki a Amurka, ya haɗa wata bakteriya mai cin nau'o'in mai da yawa, kuma a 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a ba shi haƙƙin mallakarta, amma ba a taɓa sakinta a kan wata malala ba. Da jirgin Exxon Valdez ya fashe a Alaska a watan Maris na 1989, ya zubar da ganga wajen 260,000, abin da ya yi amfani shi ne watsa takin zamani a gaɓa, domin 'yan ƙasa, watau bakteriyar da ke wurin tun asali, su sami abin haɗawa da mai. Aikin ya yi sauri a sarari, amma man da ya shige ƙarƙashin tsakuwa, inda iska ba ta kaiwa, an ci gaba da tono shi bayan shekara 20.

Gwaji mafi girma shi ne na 20 ga Afrilu, 2010, ranar da dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a tekun Meziko, mutum 11 suka halaka. Rijiyar tana zurfin kimanin mita 1,500, ta yi kwana 87 tana amai, kuma gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9. Masu bincike sun ga bakteriya masu cin mai da gas sun yi ambaliya a cikin ruwan zurfi, har wani rukuni ya yanke cewa an cinye mafi yawan metan ɗin cikin wata huɗu, ko da yake waɗansu sun yi jayayya da wannan sauri. Abin lura shi ne, wannan teku ya saba da mai tun fil azal saboda maɓuɓɓugansa, man mara nauyi ne, ruwan kuma yana da yawa da oksijin. Duk da haka man da ya kwanta a laka ya daɗe, ya kuma lalata murjanin zurfi.

Nijeriya ma ta ɗanɗana. An sami mai a Oloibiri a 1956, kuma a 2005 aka fara haƙo shi daga filin Bonga, kilomita 120 daga gaɓa, a zurfin da ya wuce mita 1,000, inda a watan Disamba na 2011 ganga wajen 40,000 ta malale. A wannan shekarar ce rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni ya nuna cewa mai ya nutse fiye da mita 5 a cikin ƙasa a wurare da yawa, kuma gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Darasin duka ɗaya ne: in mai ya tsere wa iska, sai haƙuri.

6. Bompai da Sharaɗa da Challawa

To, yanzu sai mu komo gida da wannan ma'auni a hannu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya buɗe cinikin gyaɗa da fatu da ƙiraga zuwa Turai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara sarrafa waɗansu kayan a nan, kuma Bompai, a arewa maso gabas da birni, kusa da layin dogo, ita ce unguwar masana'antu ta farko, inda aka kafa matatsun man gyaɗa da masaƙu da majemun zamani da masana'antun sabulu da alewa da kwanuka. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka kafa dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972, kuɗin man fetur kuma suka kwararo daga 1973, sai Bompai ta cika. Aka yanka Sharaɗa a kudu maso yamma a shekarun 1970, Challawa kuma ta biyo baya, can gaba a bakin kogin da ta ci sunansa. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, aka kuma shimfiɗa bututu ta Zariya zuwa ma'ajiyar mai ta Hotoro. Da baƙin mai masaƙu da majemu suka riƙa hura tukwanen tururinsu, da man dizal kuma suka riƙa tada injinan wuta duk lokacin da lantarki ya ɗauke.

Kowace unguwa da inda ruwanta ke gangarawa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, wadda littafin Tarihin Kano ya kira kurminta Kurmin Baƙin Ruwa, wadda kuma ta riga ta ɗauko ruwan kwatamin birni da Fagge da Sabon Gari, su tafi tare su taru a madatsar Wasai da aka gina a shekarun 1970. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, na Challawa kuwa kai tsaye yake faɗawa. Wannan kogi shi ne wanda aka fara jawo wa Kano ruwan famfo daga gare shi a farkon shekarun 1930. Daga nan ya haɗu da kogin Kano, su nufi Wudil da Haɗeja da fadamun Nguru, su bi Komadugu Yobe zuwa tafkin Cadi. Watau ruwan Kano ba ya zuwa teku. Abin da aka zuba a cikinsa a ƙasarmu yake kwana, a bakinsa kuma masu lambu ke noman latas da alayyafo da kabeji, masunta na su, makiyaya na shayarwa.

Doka ta makara. Sai bayan da aka gano gubar da aka jibge a garin Koko a 1988 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli, a 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin su. Kafin nan Bompai ta yi shekaru masu yawa tana zuba. Bugu da ƙari, dokar ta zo ne a lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ƙarancin wuta da kwararowar kayan waje suka fara durƙusar da masana'antun, ga shi kuwa mai neman kuɗin man inji ba ya tunanin gina matata.

7. Abin da Laka Ke Ci da Abin da Ba Ta Ci

Idan muka ɗora abin da aka koya a teku a kan waɗannan rafuka, sharar masana'antu ta kasu uku. Kashi na farko shi ne abin ruɓa: gashi da kitse da tsokar da ake karta daga fata, da sitacin masaƙu. Wannan ƙananan halittu na cinsa da sauri, amma saurin shi ne illar, domin suna zuƙe oksijin ɗin ruwan gaba ɗaya, kifi ya mutu, rafi ya koma kamar gindin marina. A nan bakteriyar Beijerinck ke samun fili. A al'ada ruwan daɗi ba shi da salfet mai yawa kamar ruwan teku, amma majemun zamani suna aiki da sinadarai masu farar wuta wajen cire gashi da wajen jima, saboda haka suna kai wa rafi abin da teku ke kai wa lakarsa. Baƙin ruwa da warin ƙwai da mai wucewa ta waɗannan magudanu ke ji, sa hannun wannan bakteriya ne.

Kashi na biyu shi ne mai: baƙin man tukwane, da man juyen injuna, da wanda ke tsiyaya daga garejojin kanikawa. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun sha ware bakteriya masu cin mai, irin su Pseudomonas da Bacillus, daga ƙasar irin waɗannan wurare, don haka ma'aikatan suna nan. Amma tun da kashi na farko ya riga ya cinye oksijin, man da ya nutse a laka ya faɗa hannun masu jinkiri ke nan, irin na Gwaimas, waɗanda ke lissafin aikinsu da shekaru.

Kashi na uku shi ne wanda ba ya ciwuwa sam. Tun da Augustus Schultz ya sami haƙƙin mallakar hanyar jima da kuromiyam a Amurka a 1884, wannan ƙarfe ya ture bagaruwa da danginta a majemun duniya, domin aikin makonni yana gama shi a kwana ɗaya ko biyu. Man fetur haɗi ne, ana iya warware shi. Kuromiyam kuwa asali ne, babu abin da za a warware shi ya zama. Iyakar abin da bakteriya za ta yi shi ne ta juya shi daga kamanni mai tsananin guba zuwa mai sauƙi, ya kwanta a laka, ya jira ambaliya ko fartanyar mai lambu. In ya yi yawa kuma, su kansu masu cin man yana raunana su.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa maganin ba baƙo ba ne ga Kano. Matatar ruwan masana'anta ta zamani, wadda aka ƙago hanyarta a Mancesta ta Ingila a 1914, marina ce da aka faɗaɗa: rami ne da ake kiwon ƙananan halittu a cikinsa, ana auna abin da ake ba su, ana hura musu iska, ana kwashe abin da ya kwanta a mayar da wani sashe don haɗin gaba, kamar yadda marini ke yi da katsi. Sharaɗinta shi ne a tsame kuromiyam tun a cikin majema a sake aiki da shi, a kuma tare mai a bakin magudana kafin ya nutse. Ƙasar da mai ya riga ya ɓata kuwa, gyaranta shi ne a kafce ta don iska ta shiga, a zuba mata taki, a riƙa ba ta ruwa, aikin da manoman kewayen birni, waɗanda suka yi ƙarnuka suna jigilar takin Kano a kan jakuna, ba sa bukatar a koya musu.

Maganar tana da muhimmanci a yanzu domin mai da gas suna ƙara matsowa ƙasar Hausa. Matatar Damagaram ta fara aiki a 2011, an ba da sanarwar samun mai a Kolmani, tsakanin Bauci da Gwambe, a 2019, a 2020 kuma aka ƙaddamar da aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da nufin farfaɗo da masana'antu irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa. In sun farfaɗo, sharar za ta farfaɗo tare da su. Akwai kuma aiki a wuyan malaman harshe, domin muddin ɗalibi bai san waɗannan halittu da wani suna ba sai ƙwayoyin cuta, abin da zai koya kawai shi ne yadda ake kashe su. Ana bukatar a tattara kalmomin marina da majema da masu daddawa tun masu su suna raye, a gina ƙamus ɗin wannan ilmi a kansu, yadda injiniyan da zai tsare matatar Challawa gobe zai karanci aikinsa da harshen da kakansa ya tsare karofi da shi.